Wa Ya Fi Cancantar Kujera, Mutum Ko Tawul? Rikicin Kama Wuri A Jiragen Ruwan Shaƙatawa

A manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, waɗanda ke kwasar dubban mutane su yi mako guda suna zagaya tsibiran Karebiyan ko gaɓar Bahar Rum, akwai wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Abinci a can sai wanda mutum ya ture, ɗakin kwana kuwa kowa ya san lambar nasa tun kafin ya baro gida. Abin da ake hayaniya a kansa shi ne dogayen kujerun kishingiɗa da ake jerawa a bakin tafkin ninƙaya, a can saman jirgi, inda fasinjoji ke miƙe ƙafa su sha iska.

Ga yadda abin ke faruwa. Tun da duku-duku wani zai fito daga ɗakinsa da tawul biyar a hammata. Ya shimfiɗa ɗaya a wannan kujera, ya ɗora tsohon littafi a kan waccan, ya ajiye warin silifa a kan ta uku, sannan ya koma ya ci gaba da barcinsa. Da hantsi, idan sauran jama'a suka fito, sai su tarar da layin kujeru babu kowa a kai, amma kowace da alamar mai ita. Wanda ya ɗauka ya yi sammako sai ya gane wani a tafe ya kwana. Masu kujerun kuwa wataƙila sai bayan azahar za a ga ƙeyarsu. Matafiyan Amurka da Ingila sun laƙaba wa irin waɗannan mutane wani suna da ke nufin aladun kujera, saboda haɗamarsu.

Tushen matsalar lissafi ne. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda aka ƙera a birnin Turku na ƙasar Finlan, ya kuma fara jigila daga Miami a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai kimanin mita 365. Idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000, kuma tafkunan ninƙaya bakwai ne a cikinsa. To ko da bakwai ɗin ne, filin da ke kewaye da ruwa ba zai taɓa ɗaukar kowa a lokaci guda ba. Ranar da jirgi ya tsaya a wata tasha, mutane kan sauka su shiga gari, kujeru su yi ta hamma. Ranar da zai yini a tsakiyar teku kuwa, babu inda kowa zai je, sai hankalin dubban mutane ya koma kan 'yan kujerun da ke kusa da ruwa ko ƙarƙashin inuwa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu da faɗan masu hannu da shuni a kan kujerar hutu. Harkar dai ta daina zama ta 'yan tsiraru. Ƙungiyar kamfanonin irin waɗannan jirage ta duniya ta ce mutum miliyan 31.7 ne suka yi wannan tafiya a 2023, kuma a Disambar 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna AROYA daga tashar Jidda. Sannan tambayar da ke ƙarƙashin rigimar tsohuwa ce: idan abu na kowa ne amma bai isa kowa ba, me ke ba mutum haƙƙi a kansa? Riga kowa zuwa ne, ko amfani da shi?

A nawa ra'ayin, kujera ta wanda ke zaune a kanta ce, ko wanda ya tashi na ɗan lokaci da niyyar dawowa. Kuɗin tafiyar da fasinja ya biya ya saya masa damar zama a duk kujerar da ya samu babu kowa. Bai saya masa ikon kulle kujera ya tafi da mabuɗi ba. Tawul ba ya gajiya, rana ba ta dukansa, ƙafarsa ba ta ciwo, kuma bai biya ko sisi ba. Duk sa'ar da ya yi a shimfiɗe a kan kujera, sa'a ce da aka ƙwace daga wani ɗan Adam da ya biya kuɗi daidai da na mai tawul ɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗabi'ar ke yaɗuwa har ta kama mutanen kirki. A ranar farko mutum goma ne za su yi. Wanda ya bi ƙa'ida ya fito ƙarfe goma da iyalinsa ya rasa wurin zama, gobe shi ma zai saita ƙararrawar wayarsa. Kafin a kai rana ta huɗu, rabin jirgi ya koma kama wuri, kowa na cewa ba halinsa ba ne, tilas ce ta sa. Sakamakon shi ne ƙarancin da ake tsoro ya ninka, domin kujerar da mutum uku za su iya amfani da ita bi da bi a yini guda ta koma ta mutum ɗaya da bai yi awa biyu a kanta ba. A 1968 wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya bayyana irin wannan a mujallar Science, inda ya buga misali da makiyayar da kowa ke da damar kiwo a cikinta: kowane makiyayi na ganin ribarsa ce ya ƙara dabba, har ciyawa ta ƙare kowa ya yi asara. Bakin tafkin jirgi ƙaramar makiyaya ce irin wannan.

Asarar kuma ba daidai take faɗa wa kowa ba. Saurayi mai jini a jika zai iya hawa bene biyu ya nemi wata kujera a can nesa. Dattijuwar da ke dogara sanda fa, ko mai keken guragu da ke buƙatar wuri kusa da lif? Uwar da dole ta zauna inda idonta zai kai kan yaranta a cikin ruwa fa? Waɗannan su ne ba sa iya tseren asuba, su ne kuma suka fi buƙatar kujerar. Akwai kuma ma'aikacin bakin tafki. Da yawansu 'yan Filifin ne ko Indunusiya ko Indiya, suna yin watanni ba su ga gida ba, kuma abin da fasinja ya rubuta a kansu a takardar jin ra'ayi yana iya shafar aikinsu. Idan ya ɗauke tawul, mai shi ya zazzaga masa masifa. Idan ya bari, mai neman wuri ya ce ba ya aikinsa. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Kamfanonin sun san da matsalar, kuma sun yi doka. A 2012 kamfanin Carnival ya fito da tsarin da ma'aikaci zai manna wata 'yar takarda mai ɗauke da lokaci a kan kujerar da ya gani da kaya babu mutum. Idan minti 40 suka cika mai ita bai dawo ba, sai a kwashe kayan a kai wurin ajiyar tawul, ya je can ya karɓa. Royal Caribbean kuwa minti 30 ya tsayar. Ana iya jayayya a kan adadin, amma hikimar tsarin a fili take: ya raba tsakanin wanda ya tashi da wanda bai zo ba tukuna.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun fiƙihu. Ya inganta a Sahihu Muslim cewa wanda ya tashi daga mazauninsa sannan ya dawo, shi ya fi cancantarsa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito hanin tayar da mutum daga wurinsa don a zauna. A ɗaya gefen kuma malamai irin su Ibn Taimiyya sun yi inkarin aika darduma masallaci a shimfiɗa a sahun gaba alhali mai ita yana gida. Masallaci da bakin tafki ba a haɗa su a daraja, amma ma'aunin adalcin ɗaya ne: jikin mutum ke kama wuri, kayansa kuwa suna riƙe masa ne kawai na ɗan lokacin da uzuri ya ɗaga shi.

Masu kama kujera suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Magidanci mai iyali shida zai ce idan bai yi haka ba, ba za su taɓa zama wuri ɗaya ba. Wani zai ce minti 30 ba sa isa a bi layin abinci a dawo. Wani kuma zai ce ai shi ya hana idonsa barci, ladan wahalarsa ce. Na yarda da na farko rabi da rabi: riƙe wa matarka kujera tana hanya abu ne da kowa zai fahimta, amma riƙe biyar ga yaran da za su yini a cikin ruwa zalunci ne, kujera biyu ta ishe su ajiye kaya. Na biyu amsarsa ita ce wanda ya tafi cin abincin rana ya gama zama ke nan, idan ya dawo ya nemi wata. Na uku kuwa ya manta cewa bayan ya shimfiɗa tawul komawa ya yi ya kwanta. Da a ce zama ya yi tun asubar, babu mai ce masa uffan.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar da aka rubuta a allo ba a aiwatar da ita ta fi rashin doka muni, domin mai biyayya kaɗai take hukuntawa. Wata kotu a birnin Hanover na Jamus ta tabbatar da haka a ƙarshen 2023, duk da cewa shari'ar ta otal ce a tsibirin Rodos na Girka. Otal ɗin ya hana barin kaya a kan kujera fiye da minti 30, amma bai tilasta kowa ba. Wani iyali da suka bi dokar suka riƙa rasa wurin zama, suka kai ƙarar kamfanin da ya shirya musu tafiyar, kotu ta ce a mayar musu da sama da Yuro 300. Ta kuma nuna cewa ba aikin baƙo ba ne ya riƙa kwashe tawul ɗin mutane da hannunsa.

Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin al'ummomin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna raba abin tarayya ba tare da ya lalace ba, kamar makiyayan ƙauyen Torbel a Suwizalan da manoman rani na Balensiya a Sifen. Ta gano cewa abin da ke riƙe su shi ne ƙa'ida bayyananniya, da mai sa ido, da hukuncin da ke farawa daga mai sauƙi. 'Yar takardar minti 40 ta cika waɗannan sharuɗɗa, in har an sa isassun ma'aikata, kuma shugabanninsu sun tsaya musu ranar da fasinja ya ɗaga murya.

Akwai wata mafitar da nake kallo da shakku, wato sayar da kujerar. A 2018 kamfanin Thomas Cook na Birtaniya ya fara bai wa masu hutu damar biyan Yuro 25 su kama kujera a wasu otal tun kafin su tashi daga gida. A jiragen ruwa ma akwai keɓaɓɓun wurare na kuɗi, irin su The Sanctuary a jiragen Princess da Vibe Beach Club a na Norwegian. Ba na ƙin mai kuɗi ya sayi natsuwa. Abin lura shi ne duk filin da aka killace domin masu ƙarin biya, daga rabon jama'a aka yanke shi. Kamfanin da ke samun riba daga cunkoso kuwa ba zai yi gaggawar magance cunkoson ba.

Ga wanda Allah ya nufa da irin wannan tafiya, ladubban ba su da yawa. Kada ka ajiye kaya sai ka zo zama. Shiga ruwa, ko zagayawa bayan gida, ko ɗebo abin sha, duk ba sa raba ka da kujerarka. Idan tafiyar za ta wuce rabin awa, kwashe kayanka. Idan ka ga kujera ta daɗe da tawul babu kowa, tambayi na kusa da ita, sannan ka kira ma'aikaci. Kada ka taɓa kayan wani da kanka, domin ana iya zarginka da ɓatan waya ko tabarau, kuma a wasu jirage da katin ɗaki ake karɓar tawul, wanda ya ɓatar a caje shi. Idan ka tashi gaba ɗaya, ɗauke tawul ɗinka ko da ya jiƙe, don kada na bayanka ya zaci da mai wurin. Idan kuma ka ga tsoho ko mai juna biyu na waige-waige alhali kai ka yi awa uku a inuwa, ka san abin da ya dace ba sai doka ta faɗa maka ba.

A cikin jirgi babu wanda ya san asalinka, kuma bayan kwana bakwai ba za ka sake haɗuwa da waɗannan mutane ba. Kunyar idon sani da ke hana mutum wasu abubuwa a unguwarsu ba ta bin sa zuwa tsakiyar teku, sai tarbiyyarsa kaɗai. Kamfanoni su aiwatar da dokar da suka rubuta, su kuma kare ma'aikatan da suka ɗora wa aikin. Fasinja kuwa ya tuna cewa wanda ke tsaye a rana yana kallon tawul ɗinsa, kuɗi ɗaya suka biya.