Ƙaiƙayin Matse-matsi: Hattara da Man Shafawa Mai Saurin Kwantar da Shi

Da zarar zafin bazara ya kankama, daga watan Maris har damina ta sauka da danshinta, masu kemis sun san irin baƙin da za su riƙa yi. Mutum zai tsaya daga gefe har jama'a su ragu, sannan ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, a taimake ni da man ƙaiƙayi." Ba zai faɗi inda ke yi masa ƙaiƙayin ba, mai kemis ma ba zai tambaya ba. Wannan kunyar ce ke sa cutar da ake iya kawarwa cikin 'yan makonni ta shekara a jikin mutum.

Cutar da likitoci ke kira tinea cruris makero ne da ya samu mazauni a matse-matsi. Ƙwayoyin cuta dangin funfuna ne ke kawo ta, mafi yawa wadda ake kira Trichophyton rubrum. Abincinsu saman fata ne, kuma ba abin da suke so kamar ɗumi da danshi. Shi ya sa ta fi kama maza, da masu ƙiba, da masu ciwon suga, da waɗanda sana'arsu ta zama ce cikin gumi, irin su 'yan acaɓa da direbobin doguwar tafiya. Ɗaliban makarantun kwana kuwa aron tawul da soso ne ke yaɗa ta a tsakaninsu. Mata ma suna kamuwa.

Tana da kamannin da ake gane ta da su. Takan faro daga lungun da cinya ta haɗu da mara, ta riƙa faɗaɗa zuwa ƙasa, wani lokaci har mazaunai. Bakinta a shace yake, ya ɗan tasa, yana ɓarewa, tsakiya kuma ta fi lafawa. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba. Wurin yakan yi duhu ko ya yi toka-toka. Yawanci ba ta taɓa fatar maraina. Idan maraina sun yi ja sun jiƙe, ko ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare kuma ya kama sauran mutanen gida har da tsakanin yatsun hannu, to wata cutar ce daban, kamar kandida ko kazuwa, kuma maganinsu ya bambanta.

Kuskuren farko da ake yi wajen magani shi ne jingina komai ga "sanyi". Mutum zai sayi kafso na kashe bakteriya ya yi ta sha, alhali irin wannan magani ba ruwansa da funfuna. Na biyu shi ne ƙona wurin: Dettol tsura, man birki, tafarnuwa, lemon tsami. Raɗaɗin yakan danne ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma fatar wurin siririya ce, sai ta saluɓe ta zama gyambo.

Kuskure na uku ya fi su yaudara, domin shi da farko kamar an dace. Mayukan shafawa masu haɗi uku da suka cika kasuwa suna ɗauke da maganin funfuna, da na bakteriya, da kuma sinadarin sitiroid mai ƙarfi irin betamethasone ko clobetasol. Sitiroid ɗin ne ke kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu. Sai dai yana yin haka ne ta hanyar danne garkuwar fata, wadda ita ce ke yaƙar cutar. An rufe bakin mai ihu, ɓarawo yana cikin gida. Mutum zai daina shafawa, cutar ta dawo da faɗi fiye da da, ya sake saya. Bayan watanni fata ta yi siriri, ta yi fari-fari, nankarwa ta fito a cinya, ita kuwa ba ta gogewa. Kamannin cutar ma sukan sauya har likita ya sha wuyar gane ta.

Indiya ta riga ta ga inda wannan hanya ke kaiwa. Bayan shekaru ana sayar da irin waɗannan mayuka barkatai, wani nau'in funfuna mai taurin kai ya bazu a can, wanda aka raɗa wa suna Trichophyton indotineae a 2020. Sau da yawa ba ya jin terbinafine, ɗaya daga cikin magungunan da aka fi dogara da su, kuma tuni an same shi a Turai da Amurka.

Maganin gaskiya ba shi da tsada. A nemi man da maganin funfuna ne kaɗai a cikinsa, a kuma karanta kwalin. Clotrimazole ko miconazole ana shafa su sau 2 a rana, mako 2 zuwa 4. Terbinafine yakan wadatar cikin mako 1 zuwa 2. Nystatin na kandida ne, ba ya aiki a nan. A wanke wurin da ruwa da sabulu marar kaifi, a tsane shi sarai, a shafa kaɗan, a zarce bakin makeron da kamar faɗin yatsa biyu, don ƙwayoyin sun wuce inda ido ke gani. Ƙaiƙayi yakan lafa tun cutar ba ta mutu ba, saboda haka a ci gaba da shafawa mako guda bayan fata ta washe. Duhun da ya rage yakan ɗauki watanni kafin ya koma daidai; haƙuri yake so, ba man bilicin ba.

Sauran aikin na tufafi ne da bushewa. Mu masu tsarki da ruwa ne sau da dama a yini, kuma abu ne mai kyau, amma mayar da wando kan jiƙaƙƙiyar fata yana ba cutar abin da take nema. A tanadi ƙaramin tawul na wurin kaɗai. A sa gajeren wando na auduga mai sakewa, a sauya kullum, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Na gwanjo kada a sa sai an yi masa haka. A duba tsakanin yatsun ƙafa: idan suna fari suna tsagewa, sau da yawa daga nan cutar ke hawowa, sai a yi maganinsu tare, a kuma riƙa sa safa kafin wando. Idan mai ɗakinka ko maigidanki na da ita, ku yi magani lokaci guda.

A je asibiti idan an yi mako 2 ana shafawa ba sauƙi, ko cutar ta bazu, ko tana ruwa ko mugunya, ko tana yawan dawowa. Haka mai ciwon suga, da mai cutar da ke raunana garkuwar jiki, da mai juna biyu. Likita na iya kankarar ɓawon fatar a duba a ɗakin gwaji, ya rubuta na sha kamar terbinafine ko itraconazole. Kada a sayi na sha da ka, musamman ƙwayar ketoconazole, wadda hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taƙaita tun 2013 saboda illarta ga hanta.

Wannan cuta ba shaidar ƙazanta ba ce, ba kuma tabon lalata ba. Wanda ya daure ya faɗa wa likita ainihin inda ke damunsa, da man da ya daɗe yana shafawa, ya rage wa kansa wahalar watanni da kuɗin mayukan da ba sa warkarwa.