Ceton Rai Yana Gaba da Zargi

A birnin Landan da wasu manyan biranen Turai akwai wata musiba da ta addabi maza masu neman maza, wato haɗa shan ƙwaya da saduwa. Sukan kulle kansu cikin ɗaki kwana biyu ko uku babu barci, babu abinci. Hukuncin shari'a a kan ayyukan nan biyu sananne ne ga kowane Musulmi. Tambayarmu ita ce: wanda ya riga ya faɗa, yaya za a yi ransa ya tsira?

Ƙwayoyin da aka fi sha su ne methamphetamine da mephedrone da wani ruwa mai suna GHB. Wannan ruwa shi ya fi haɗari, domin tsakanin abin da ke bugarwa da abin da ke kashewa 'yan ɗigo ne kawai, in kuwa ya gamu da giya sai numfashi ya tsaya. Da shi ne Stephen Port ya hallaka samari huɗu a gabashin Landan tsakanin 2014 da 2015. Methamphetamine kuma kan jawo taɓin hankali, karɓa-karɓar allura tana yaɗa ƙanjamau da ciwon hanta.

Asibitin 56 Dean Street da ke unguwar Soho ya yi suna wajen karɓar irin waɗannan mutane ba tare da tsangwama ba. Abin da likitoci ke koyarwa shi ne kada a yi tarayya a allura, a riƙa gwajin jini, wanda yake tsoron ya kamu da ƙanjamau ya nemi maganin kariya kafin awa 72 ta wuce. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, a kira motar asibiti nan take. Wanda jikinsa ya saba da GHB kada ya yanke shi rana ɗaya sai a hannun likita, don yin haka kan kashe.

Wani zai ce wannan ai ɗaure wa ɓarna gindi ne. Amma malaman usulu sun sanya kiyaye rai cikin manufofi biyar na shari'a, sun kuma yarda a ɗauki ƙaramar cuta don tunkuɗe babba. Ƙasashen Musulmi kamar Iran da Malesiya sun raba wa mashaya allurai masu tsabta don tare ƙanjamau. Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a la'anci wani mutum da aka sha kamawa da laifin shan giya.

Da yawa cikinmu muna da 'ya'ya da ƙanne masu karatu ko aiki a Ingila. Idan ɗayansu ya zo mana da irin wannan sirri, kada kunyar mutane ta sa mu kore shi. Mu fara kai shi ga likita, nasiha ta biyo baya, domin mai rai ne kaɗai ƙofar tuba take buɗe masa. Allah Ya kiyashe mu da zuriyarmu, amin.