Ƙarin Ƙashi a Muƙamuƙi Kafin Dashen Haƙori: Gaskiya da Ƙanzon Kurege

Da zarar likita ya ce wa mutum sai an ƙara masa ƙashi a muƙamuƙi kafin a dasa masa haƙori, sai masu ba da shawara su yi masa caa. Wannan ya ce ƙashin gawa ake cusa wa mutane, wancan ya ce na alade ne, wani kuma ya ce tatsar kuɗi ce kawai.

Zargin tatsar kuɗin ba shi da ƙarfi. Ƙashin da ke riƙe da haƙori da aikin tauna yake rayuwa. Ranar da aka cire haƙorin ya fara zaizayewa, kuma cikin shekara guda faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi, galibi a watanni ukun farko. Shi kuwa dashen haƙori ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake murɗawa cikin ƙashi har ya kama ta, dabarar da Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya fara yi wa majinyaci a 1965. In babu ƙashi, ina ƙusa za ta tsaya? Sai dai ba kowa ke buƙatar ƙarin ba. Hoton muƙamuƙi ne ke raba gardama, kuma haƙƙin majinyaci ne a nuna masa shi.

Maganar gawa da alade kuwa tana da tushe, bai kamata a ɓoye ba. Ana iya ɗebo ƙashin daga jikin mutumin kansa: haɓa, ko bayan muƙamuƙi, ko ƙugu in aikin babba ne. Ana amfani da na mamatan da aka bayar da sassan jikinsu, bayan an tantance an tace. Akwai na dabba, kuma wanda ya fi shahara, Bio-Oss na kamfanin Geistlich da ke Suwizalan, daga saniya ake yin sa. Akwai kuma na haɗawa, wanda ba jikin mutum ko dabba a cikinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne siririyar fatar da ake lulluɓe ƙashin da ita kafin a ɗinke dasashi. Sau da yawa daga alade ake samo ta, ko da ƙashin na saniya ne. Musulmin da wannan ya dame shi ya tambaya tun kafin ranar aiki, domin akwai madadinta.

Amma cewa jiki zai ƙi karɓar ƙashin kamar yadda yake ƙin ƙodar da aka dasa, wannan kuskure ne. Na saniyar an raba shi da duk wani abu mai rai, sauran ma'adini kawai. Aikinsa aikin tankar rumfa ne da kabewa ke bi ta yaɗu: jijiyoyin jini da sabon ƙashin mutum suke ratsa shi su cike wurin. Ba a shan maganin danne garkuwar jiki. In aikin ya lalace, yawanci ƙwayoyin cuta ne suka shiga, ko ɗinkin ya buɗe.

Ƙaramin aiki allurar kashe zafi ake yi a dasashi, mutum ya koma gida ranar. Tsohon camfin nan cewa taɓa haƙoran sama na makantar da mutum ba shi da asali. Abin da ke saman turamen sama kogon iska ne na gefen hanci, kuma in an ɗaga ƙasansa an zuba ƙashi, akan hana fyace hanci na kusan mako biyu.

Kumburi kan kai maƙura a kwana na biyu ko na uku, ya sace cikin mako guda. Jin ɗan tsaki-tsaki kamar yashi a baki a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Kunu da koko da fate sun wadatar, in sun huce. Goro da ƙashin kaza su dakata. Kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi sai bayan kwana ɗaya, a hankali. Warkewar dasashi dai kada ta ruɗi kowa: ƙashin na son wata uku zuwa shida, babban aiki har tara, kafin ya iya ɗaukar ƙusa.

Masu cewa taba na ɓata aikin sun yi gaskiya, kuma shisha ba ta fita daga ciki ba, domin nikotin na tsuke jijiyoyin jinin da ƙashin ke jira. Tsufa kaɗai ba ya hana aikin. Ciwon sugan da ba a shawo kansa ba ya fi shekaru illa, haka wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, don haka a faɗa wa likita duk abin da ake sha. Zazzaɓi, mugunya, jinin da ya ƙi tsayawa, ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko leɓen da ya mutu ya ƙi dawowa, kowanne ya isa a koma asibiti a ranar.