Ruwan Azurfa Ba Maganin Sha Ba Ne

Malam manomi, yanzu batirin sola ya shiga gidaje da yawa, tun daga Magariya har Dungas da Malawa. Ga kuma wani labari yana yawo a wayar salula, wai mutum zai iya yin magani a gidansa da batiri da azurfa, wai ruwan yana warkar da kowace cuta, ta mutum da ta kaji. To, bari mu duba maganar.

Masu yin sa sukan tsoma waya biyu na azurfa cikin kwalbar ruwa, su haɗa su da batiri mai ƙaramar wuta. Wutar tana gutsurar azurfar kaɗan-kaɗan, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Shi ke nan ruwan azurfa.

Akwai gaskiya kaɗan cikin zancen. Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta idan ta taɓa su, shi ya sa ake sa ta cikin wani man ƙuna da likita ke shafa wa wanda wuta ta ƙone. Amma shafawa daban, sha daban. Jikinka ba ya bukatar azurfa ko kaɗan. Idan ka daɗe kana sha, sai ta taru a fata, da dasashi, da farce, da farin ido, su koma shuɗi-shuɗi kamar toka. Kuma ba ya wankuwa. Wani mutumin Amurka, Paul Karason, ya yi shekaru yana shan wanda ya haɗa da hannunsa. Fuskarsa ta zama shuɗiya, har aka nuna shi a talabijin a 2008, kuma haka ya mutu da ita a 2013. Tun 1999 hukumar magunguna ta ƙasarsu ta ce babu shaidar ruwan nan yana warkarwa, babu kuma shaidar ba ya cutarwa. Yana ma rage ƙarfin wasu magungunan likita, kamar tetarasikilin.

A nan wurinmu abin ya fi muni. Azurfar zobe da awarwaro gauraye take da jan ƙarfe, shi ma zai narke cikin ruwan. Ba ka da ma'auni, ba ka san yawan abin da ka sha ba.

Babban hatsarin shi ne jinkiri. Ka tuna kwalarar 2021, wadda ta taɓa jihar Damagaram. Mai amai da gudawa yana iya mutuwa cikin wuni guda. Idan ka tsaya ba shi ruwan azurfa, ruwan jikinsa ƙarewa yake yi. Ka zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ka dinga ba shi kuna kan hanyar gidan likita.

Idan kuwa ruwan sha kake son gyarawa, ka tace shi da tsumma mai tsabta, ka tafasa shi sosai. Ko ka nemi ƙwayar Aquatabs wadda aka yi don bido mai lita 20, ka jefa ɗaya, ka rufe, ka jira minti 30. Kaji kuma, ka tambayi ma'aikacin kiwo ranar allurar rigakafi tun hunturu bai shigo ba.