Shin Ko Kun San? Ƙasar da Ake Harbin Raƙuma Daga Jirgin Sama

Shin ko kun san akwai ƙasar da raƙuma dubu ɗaruruwa ke yawo ba su da mai su? Ba akala, ba shaida a wuya, ba makiyayi a baya. Ostireliya ke nan! Raƙuman daji masu tozo ɗaya ba inda suka kai na can yawa a duk duniya.

Kuma fa baƙi ne. Raƙumi na farko ya sauka ƙasar a jirgin ruwa a 1840. Daga wajajen 1860 aka riƙa shigo da dubbai daga Indiya da yankin Afganistan, tare da masu jansu, yawancinsu Musulmi. Su suka yi dakon kayan shimfiɗa layin dogo da na waya a tsakiyar hamada. Da motoci suka yawaita a shekarun 1920, sai aka kwance musu akala aka sallame su. Ba zaki, ba kura, ga fili iya ganinka. Sai haihuwa!

Ku ji ta'asa. A 2009 fari ya koro raƙuma kusan 6,000 cikin wani ƙauye mai suna Docker River. Suka tattake shinge, suka fasa famfuna, har na'urar sanyaya ɗaki suka ɓalle don lasar ɗigon ruwan da ke jikinta. Mutane suka kasa leƙo waje.

Daga 2009 zuwa 2013 an kashe kusan 160,000, akasari daga jirgi mai saukar ungulu. A Janairun 2020 aka ƙara harbe fiye da 5,000 cikin kwana biyar. Kwana biyar fa! Wannan kam yana ci mini rai, domin mafi yawansu a nan ake barin su su ruɓe, ba mahauci, ba mai fiɗa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Maigatari ya ji yadda ake cinikin amale guda, ya san irin dukiyar da ke kwance a rana.

Wani abin mamakin? Ostireliya ta sha sayar wa Saudiyya raƙuma.

To ga inda baƙin maharba ke shigowa. Mutum ya taso daga Amurka ko Jamus, ya kwana a jirgi da bindigarsa a akwati, ya biya dubban daloli, don kawai ya harbi dabbar da masu ƙasa ke neman kai da ita. Babban abin nemansu ɓaunar ruwa ce ta arewacin Ostireliya, a yankin Arnhem. Tun shekarun 1820 aka kawo ta daga tsibiran Indunisiya don nama da aiki. Aka watse aka bar ta. Yau wani namijin yakan kai tan guda, ƙahonsa a baje hagu da dama.

Kun san zomo 24 sun taɓa gagarar nahiya guda? A 1859 wani Bature, Thomas Austin, ya sake su a gonarsa a jihar Biktoriya ta Ostireliya don ya sami abin farauta. Kafin 1950 ana ƙiyasta su da miliyan 600! Har shingen waya aka ja musu, mai tsawon fiye da kilomita 3,000. Suka tsallake.

Mu leƙa Niyu Zilan. Kafin zuwan mutane, ƙasar ba ta da dabbar tudu mai shayarwa ko ɗaya, in ban da jemage. Duk barewar da baƙi ke zuwa harbi a can, kawo ta aka yi. A 1904 aka saki wasu 'yan awakin dutsen Himalaya kusa da Dutsen Cook. A 1905 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya ba da kyautar wasu manyan bareyi. Yanzu hukuma da kanta ke rage awakin dutsen.

Shi Roosevelt ɗin nan, ku riƙe numfashi. Yana sauka daga mulki a 1909 ya nufi Mombasa ta Kenya. Shi da ɗansa Kermit suka harbe dabbobi 512, ciki har da zakuna, giwaye da karkanda. Kenyar da ya fara farautar a cikinta ta haramta irin wannan farauta tun 1977.

A Amurka kuwa aladun da suka koma daji sun kai kusan miliyan 6. Tun 2011 dokar jihar Teksas ta ba mutum damar sayen kujera a jirgi mai saukar ungulu ya harbe su daga sama. A 2017 aka ƙara da balan-balan mai tashi da zafin wuta!

Kun tuna mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho lanƙwasasshe, da ta taɓa cika Sahel ɗin Nijar da Cadi? A 2000 aka bayyana cewa ta ƙare ƙaf a daji. Amma a gandayen farauta na Teksas dubbai ne ke kiwo. Sai a 2016 aka fara maido da ita Cadi daga Abu Dabi, kuma ta hayayyafa.

Yanzu kuɗi. A 2014, a wani gwanjo a birnin Dallas, an sayar da izinin harbin baƙar karkanda guda a Namibiya kan dala 350,000. Guda ɗaya tak! A 2015 wani likitan haƙori Ba'amurke ya biya kusan dala 50,000 ya kashe zakin nan Cecil a gefen gandun Hwange na Zimbabuwe, zakin da masu binciken Jami'ar Oxford suka rataya wa na'urar bibiya a wuya. Duniya ta ɗauki zafi, kuma da gaskiyarta.

Tsarin Pakistan ya fi kwanta mini. Akwai bunsurun dutse mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira markhor. Izini ƙalilan ake bayarwa a shekara, guda yakan haura dala 100,000, kuma kashi 80 cikin 100 na kuɗin ƙauyukan wurin ake ba. Mutanen da a da suke harbinsa don tukunya, yau su ne masu gadinsa, kuma yawansa ya ƙaru.

Ga ta ƙarshe, ku kai wa abokai. Botsuwana na da giwaye kusan 130,000, ta fi kowace ƙasa. Ta hana farautarsu a 2014, ta sake buɗewa a 2019 saboda kukan manoma. Da Jamus ta fara zancen tsaurara shigo da hauren giwa da fatun da maharbanta ke dawowa da su, sai shugaban Botsuwana na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya fusata a 2024. Ya ce zai aika mata da giwaye 20,000, Jamusawa su zauna da su su gani!