Wai Lauyan Ɓarawo Shi Ma Ɓarawo Ne?

Ranar wata Asabar da safe ina teburin mai shayi a bakin titin Zariya, nan Rigachikun, sai rediyo ya kawo labarin wasu samari da aka gurfanar a kotu kan zargin fashi, har lauyansu ya roƙi alƙali ya ba shi lokaci ya duba takardun tuhuma. Wani dattijo da ke gefena ya dire kofi ya ce, "Wallahi da ni ne gwamna, lauyan zan fara ɗaurewa. Mai kare ɓarawo ai ɓarawo ne mai baƙar riga." Nan take teburi ya ɗauka. Wannan ya ce kuɗin lauya haramun ne, wancan ya ce lauya da ƙarya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Na gaji da jin wannan magana. Na ji ta a ƙofar masallaci, na ji ta a motar Kawo, na ji ta har a bakin masu digiri. Abin haushin shi ne, talakan da ya fi kowa yaɗa ta, shi ta fi cuta.

Duk sanda na ji ta sai marigayi Cif Gani Fawehinmi ya faɗo mini a rai. An haife shi a Ondo a 1938, ya yi karatun lauya a Landan, ya fara aiki a Najeriya a 1965. Shari'ar da ta fara fito da sunansa ma a Arewa aka yi ta. A 1969 wani talakan ma'aikaci a tsohuwar jihar Benuwai-Filato ya yi ƙorafin cewa sakataren gwamnatin jihar ya shiga tsakaninsa da matarsa. A zamanin soja, wa zai ja da mai wannan kujera? Gani ya tsaya wa talakan. Aka lallashe shi ya janye, ya ƙi. Daga baya sakataren ya bar kujerarsa, shi kuma Gani ya sha tsarewa ta watanni.

Daga nan gidan yari ya zame masa kamar gida na biyu. Gwamnatin Babangida ta kai shi Gashuwa a 1989, ta Abacha ta kai shi Bauchi a 1996. Shi ya dage kan bin kadin jinin ɗan jarida Dele Giwa da aka kashe da bam a cikin wasiƙa a 1986, shi ya jagoranci lauyoyin ɗan fafutuka Ken Saro-Wiwa a 1995. Lambar SAN ta manyan lauyoyi ba ta iso shi ba sai 2001, bayan ɗalibai sun daɗe da yi masa laƙabin babban lauyan talakawa. A 2008 gwamnatin 'Yar'aduwa ta ba shi lambar girma ta OFR ya ce ba ya so. Ya rasu ranar 5 ga Satumba, 2009. To wannan ne ɓarawo mai baƙar riga?

Tushen kuskuren shi ne mun haɗa wanda ake zargi da wanda aka tabbatar wa laifi mun zuba a kwando ɗaya. Da an ce "an kama wane", mun gama shari'a, har mu ƙara da cewa ruwa ba ya tsami banza. Alhali sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma yana da haƙƙin kare kansa ko ya ɗauki lauyan da yake so. Kada wani ya ce wannan dokar Bature ce. Tun a makarantar allo da zaure muka ji cewa hujja tana wuyan mai ƙara, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha. Da sahabi Ma'izu ya zo da ƙafarsa yana iƙirarin zina, Manzon Allah (SAW) juya masa baya ya yi ta yi yana tambayar ko lafiyarsa ƙalau. Annabi Yusuf (AS) shekaru ya yi a kurkuku kan ƙazafi. Tuhfa ta Ibnu Asim, wadda alƙalanmu ke ajiyewa a teburinsu, babi guda ta ware wa wakilci, don ba kowa ne ya iya tsayuwa gaban alƙali ya tsara maganarsa ba.

Masu cewa mai kare ɓarawo ɓarawo ne sukan jawo ayar nan ta 105 a suratun Nisa'i da ta hana zama mai husuma domin maha'inta. To su koma tafsiri su ga dalilin saukarta. Wani ne ya saci sulke ya jingina satar ga wani Bayahude, danginsa suka taso suna neman a wanke nasu. Ayar ta sauka ta wanke wanda aka yi wa sharri. Abin da ta hana shi ne ka san mutum maha'inci ne ka tsaya kana ƙaga masa ƙarya. Dokar aikin lauya ma ta hana hakan: lauyan da ya kawo shaidar zur da saninsa, akwai kwamitin ladabtarwa da kan iya soke sunansa daga aikin baki ɗaya.

Aikin lauyan wanda ake tuhuma shi ne ya ce wa mai gabatar da ƙara, "Kawo hujjarka." Wa ya gani? Ƙarfe nawa? Wannan amsa laifin, da yardarsa ya yi ko da kulki? Idan hujja ta tsaya, alƙali ya ɗaure. Idan ta rushe, laifin mai binciken da bai yi aikinsa ba ne. Ku tuna shari'ar Amina Lawal. Kotun Bakori ta yanke mata jifa kan zargin zina a 2002, ta Funtuwa ta tabbatar. Lauyoyinta, irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da littattafan Malikiyya suka yi hujja, har kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Katsina ta sallame ta a Satumban 2003. Da ba wanda ya tsaya mata fa?

Ga wanda na gani da idona. Ɗan maƙwabcina, ɗan acaɓa, ya ɗauki fasinja ya sauke, ashe mutumin ana nemansa kan satar waya. Aka kwashe su tare. A caji ofis aka miƙo masa takarda da Turanci aka ce ya dangwala ya tafi gida. Ya dangwala. Ashe amsa laifi ne. Na ce wa uban, "Baba, mu nemi lauya." Ya ce, "Haba Malam, ai yarona bai yi komai ba, me zai yi da lauya? Allah na nan." Fiye da shekara yaron ya yi yana zaman jiran shari'a, babur ya tafi, auren da aka sa wa rana ya watse. Wata matashiyar lauya ce daga baya ta karɓi shari'ar kyauta, zama uku aka sallame shi. Irinsa ne suka cika gidajen yarinmu, inda kusan biyu cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba tukuna.

Ban ce babu ɓata-gari a cikin lauyoyi ba. Akwai masu jan shari'a don kuɗin zama, kamar yadda ake da mai algus a cikin 'yan kasuwa.

Saboda haka ga abin da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. Idan an kama ka, kada ka yi kokawa, kada ka yi zagi, amma ka tambayi laifin da ake zarginka da shi. Sashe na 35 ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wani da ka amince da shi. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a takardar da ba ka karanta ba. Ka ce a karanta maka da Hausa a gaban naka. Doka ta ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, sai fa laifin da hukuncinsa kisa ne. Belin 'yan sanda kyauta ne, kuma mace ma tana iya tsayawa beli. Ba a kama uba a madadin ɗa ko mata a madadin miji. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana hakan, jihar Kaduna kuma ta yi irin tata a 2017. Idan an doke ka don ka amsa laifi, ka faɗa wa alƙali tun zaman farko, ka nuna tabon, domin azabtarwa laifi ce a doka.

Idan ba ka da kuɗi, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976 don irinka, ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ta lauyoyi mata FIDA ma sukan karɓi shari'a kyauta. Ka guji 'yan kamashon bakin kotu masu cewa sun san alƙali. Ka je ofishin lauya da ƙafarka, ku yi ciniki a fili, ka karɓi rasit. Ka faɗa masa gaskiya tsirararta, don mai ɓoye wa likita ciwo kansa ya cuta. Dangi kuma ku riƙa zuwa kotu duk ranar zama, ku rubuta ranar da aka ɗage, kada fayil ya kwanta a manta da mutum.

Sannan don Allah, idan an yi ihun ɓarawo a kasuwa, ka riƙe hannunka. Wanda aka ƙona da taya ba shi da ɗaukaka ƙara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: ka nemi lambar lauya guda ka ajiye a waya tun ana zaune lafiya. Allah ya jiƙan Gani Fawehinmi, mu kuma ya tsare mu da sharrin ƙazafi.