Garmani Yana Cinye Mana Wurin Yankan Ciyawa

'Yan'uwa manoma, wanda ya bi burtali a ƙasar Dutsi cikin watan Agusta zai ga fili kore shar, har ya ce bana dabbobi sun huta. Amma in ya tsaya ya lura, sai ya ga shanu suna ratsa koren nan suna wucewa, ba su ko sunkuyar da kai. Yawancin abin da ya rufe wurin garmani ne, da tafasa, da kashin yawo. Kyasuwa da gadagi da burburwa, waɗanda muke yanka mu ɗaure domin rani, sun koma gefe-gefe. Tafasa dai muna yi mata uzuri, tun da tana shiga kwaɗo. Garmani shi ne babban abokin gāba.

Kowa ya san shi: ganye mai laushi da gashi-gashi, fure rawaya, tsayinsa yakan kai ƙugun mutum. Dabba ba ta cinsa sai in yunwa ta kai mata wuya. To, a nan ƙarfinsa yake. Gonaki sun yawaita, makiyaya ta ƙuntata, dabbobi kuwa suna taruwa wuri ɗaya tun farkon damina. Sukan cinye ciyawa mai kyau tun ba ta yi kai ba, balle ta zubar da iri. Garmani kuwa ba mai taɓa shi, sai ya yi fure, ya yi 'ya'ya, ya zubar a tsanake. 'Ya'yan suna da ƙananan ƙayoyi masu maƙalewa a gashin tumaki da awaki, watau dabbobinmu da kansu suke kai shi sabon wuri. Bana kaɗan, baɗi da yawa, bayan 'yan shekaru inuwarsa ta hana kome tsirowa a ƙarƙashinsa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A jihar Maradi ta Nijar garmani ya rufe burtaloli da makiyaya masu yawa, har aka riƙa tara mutanen ƙauyuka ana biyansu su tumɓuke shi. Abin da aka koya a can shi ne, tumɓukewa kaɗai ba ta isa. Ƙasar da aka bari tsirara, garmani ne zai fara komawa cikinta, gama irinsa yana nan kwance yana jiran ruwa. Dole a shuka wani abu a gurbinsa.

Saboda haka aikin yana farawa tun da kaka. Cikin Oktoba da Nuwamba, sa'ad da kan kyasuwa ya bushe, sai ƙungiya ta sa a tsinko shi a zuba a buhu, a rataye inda gara da ɓera ba za su kai ba. Yara ma suna iya wannan. Idan damina ta zauna sosai, garmani ya tsiro ya kai kamar taƙi ɗaya, sai a yi gayya a bi shi da fartanya ko hauya, washegarin ruwa, lokacin da ƙasa take da laushi, domin saiwarsa ta fito duka. Sara daga sama ɓata ƙarfi ne, zai sāke toho. Nan take a watsa irin kyasuwa, a ja ƙaya a kai domin ƙasa ta ɗan rufe shi. Bayan mako uku ko huɗu a sāke zagayawa, gama akwai na baya da zai tsiro. Kada a yarda ya kai ga fure. Wanda ya riga ya yi 'ya'ya, a tara shi wuri ɗaya a ƙone, kada a zuba shi cikin taki, in ba haka ba mu da kanmu za mu kai shi gona a kan jaki ko amalanke.

Waɗansu sukan tambaye mu maganin feshi. Irin wanda ake feshe gona da shi kafin shuka ba ya zaɓe, da garmani da kyasuwa duk ƙonewa yake yi, ga kuwa tsada. Mu dai ba mu ga amfaninsa a makiyaya ba.

Abu mai wuya shi ne tsare wurin. Sai dabbobi sun bar shi damina ɗaya cur kafin ciyawa ta kafu. Kada ƙungiya ta kewaye ko taki ɗaya sai ta zauna da mai unguwa da dagaci da arɗon Fulani, an nuna iyaka kowa ya gani. Hanyar shanu da mashaya ba a toshe su. Gara a fara da eka ɗaya wadda aka yarda a kanta, a kuma faɗi tun farko yadda za a raba dammunan.

Lokacin yanka, a yanka kyasuwa tana fara fid da kai, tana da sauran kore, a shanya, a ɗora bisa rumfa ko itace. A bar kashi ɗaya cikin huɗu a tsaye ya zubar da iri. A bakin iyaka kuma a dasa gamba, a tsaga gindin tsohuwa a kafa cikin Yuli. Ita ba ta mutuwa da rani, ga zana, ga kuma toho da ruwan fari.